Godiya ga Shagon da Ya Mutunta Ɗana a Kanbera

Zuwa ga mai ƙaramin shagon kayan wasanni na unguwar Belconnen da ma'aikatansa, musamman dattijuwar da ke kan kanta ranar Asabar.

Bayan gaisuwa, na rubuto ne don 'yan uwanmu mazauna Ostareliya su ji abin da kuka yi mana.

Ɗana shekararsa 11. Shi ne mafi gajarta a ƙungiyar ƙwallon kwandon makarantarsu, kuma tun farkon kakar wasa a benci yake zama. Abu ɗaya ya roƙe ni: rigar Boomers (ƙungiyar ƙwallon kwandon maza ta ƙasar Ostareliya) mai lamba 5, da sunan ɗan wasansu Patty Mills a baya. Na yi oda ta intanet, muka jira mako uku, sai ga riga ta manya, sunan ma an ci masa harafi ɗaya. Na kira har na gaji, babu mai ɗauka. Muka je wani ƙaton shago, muka yi ta tsayuwa, saurayin da ke wurin yana danna waya. Ko kai bai ɗago ba ya ce babu. Yaron nan ya sunkuyar da kai, ni kuwa raina ya ɓaci.

Da wannan ɓacin ran muka shigo wurinku.

Baiwar Allah nan ta zagayo daga bayan kanta, ta durƙusa ta gwada kafaɗunsa da tef, ta tambayi sunansa, ta maimaita har sai da ta faɗe shi daidai. Ta ce me ya sa sai Mills? Murya ƙasa-ƙasa ya ce saboda shi ma ba dogo ba ne. Sai ta jawo masa kujera. Ta gaya masa a nan Kanbera aka haifi Patty Mills a 1988, kuma iyayensa ne suka kafa ƙungiyar Shadows don yaran 'yan asalin ƙasar. A zaɓen 'yan wasan NBA (babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka) na 2009, sai da aka kira mutum 54 kafin Portland ta ɗauke shi. Shekara biyar bayan haka ya ɗaga kofi da San Antonio Spurs, kuma daga benci yake tasowa ya ci maki 17 a wasan ƙarshe da Miami. Da ta ambaci benci, na ga ɗana ya gyara zama.

Da ta zo kan gasar Olamfik ta Tokyo, muryarta har rawa take yi. Sau huɗu Boomers suna ƙarewa na huɗu a Olamfik, har da na Rio a 2016 da Sifaniya ta doke su da maki ɗaya tak. A 2021 Mills ya riƙe tutar ƙasa, ɗan asalin ƙasar na farko da ya samu wannan girma, sannan ya zuba wa Sloveniya maki 42, aka tashi 107 da 93, suka ɗauki tagulla.

Rigar kuwa, an buga suna da lamba cikin minti goma, farashin da ke jiki shi na biya.

Wallahi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda wannan hali ya yi ƙaranci. Manyan shaguna sun cika da fitilu da talabijin, amma ka yi sallama babu mai amsawa. In kayanka ya zo da matsala, na'ura ce za ta yi ta maka magana. Yaro kuma, musamman baƙin yaro mai sunan da ba su saba ji ba, kamar ba su gan shi ba. Me zai ragu a jikin ma'aikaci don ya dubi fuskar mai saye?

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara wa shagonku kasuwa. Takalmin da zai buga kaka mai zuwa ma wurinku za mu zo.

Naku,
Mahaifin yaro mai lamba 5