Wasiƙa zuwa Dakar: kar ka zuba jarinka duka a banki

Agege, Legas.

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara. Mu nan sai godiya, ruwan sama ne dai ya sa mu gaba, kwatocin unguwa duk sun cika.

Saƙonka ya iso, kuma magana ɗaya a ciki ta hana ni sukuni. Ka ce za ka karyar da kayan rumbunka ka zuba kuɗin gaba ɗaya a banki, tunda sefa ba ta san faɗuwa ba irin nairarmu. A kan naira kam da gaskiyarka. Ina zaune a bencin canji dala ta tashi daga ɗari huɗu da 'yan kai a farashin gwamnati a 2023 ta haura 1,500, ita kuwa sefa tana nan ɗaure da yuro, kusan 656 a kan ɗaya. Amma Alhaji, don Allah ka dakata ka ji ni.

Kai ne a garin, ka fi ni jin yadda Usman Sonko, Firayim Ministan Senegal a lokacin, ya fito a 2024 ya ce gwamnatin Macky Sall ta ɓoye bashi. Kotun binciken kuɗi ta zo a Fabrairun 2025 ta ce bashin ƙarshen 2023 ya kusa kai duk abin da Senegal ke samarwa a shekara, alhali da an ce wajen kashi 74 ne cikin ɗari. IMF, hukumar ba da lamuni ta duniya, kuma ta riƙe rancenta na dala biliyan 1.8. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, wannan ba a musu. Ɓoyon ne ya tayar mini da hankali, domin da haka Girka ta fara.

A 2009 sabuwar gwamnatin Girka ta buɗe littafi ta tarar giɓin kasafi ya ninka abin da ake faɗa. Masu ba da rance suka ja baya. A 2010 aka tallafe ta da yuro biliyan 110 bisa sharaɗin yanke albashi da fansho da ƙara haraji, a 2012 aka zaftare wa 'yan kasuwar da ke bin ta fiye da rabin kuɗinsu, duk da haka ba ta miƙe ba. Kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin ƙasar ya tafi, cikin mutum huɗu ɗaya ba shi da aiki. Ƙasa mai kuɗin kanta in ta shiga uku tana iya buga takarda ko ta karya darajar kuɗin, talaka ya sha wuya a kasuwa. Girka ba ta da wannan ƙofar, don da yuro take amfani, makullin yana Frankfurt a hannun Babban Bankin Turai. Ranar da bankin ya ƙi ƙara wa bankunan Girka kuɗin agaji, a ƙarshen Yunin 2015, sai aka wayi gari ƙofofi a garƙame har mako uku. Yuro 60 kacal mutum ke cira a rana. Yuron bai faɗi ba, kuɗinka na nan a rubuce da sunanka, hannunka ne ba ya kai wa gare shi. Jama'a suka fito ƙuri'a, kashi 61 suka ce ba su yarda da sharuɗɗan masu ba da rance ba, mako guda bayan nan Firayim Ministansu Tsipras ya amince da waɗanda suka fi su tsanani.

A talabijin ɗin mai shayinmu na ga wani dattijo zaune dirshan a ƙofar banki yana kuka. Ban san zafin abin ba sai a Fabrairun 2023, lokacin canjin takardun naira. Daga sallar asuba na wuce layin ATM, aka rubuta mini lamba a tafin hannu da biro, gumi ya goge ta kafin hantsi, na dawo gida bayan azahar ba ko sisi, ga matata tana jiran cefane.

Kada ka ce Turai da nisa. Tambayi mutanenmu na Maraɗi abin da suka gani bayan juyin mulkin Yulin 2023, da BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma wanda hedikwatarsa ke nan garinku, ya toshe wa Nijar asusunta: gwamnati ta kasa biyan masu bin ta, 'yan kasuwa na layi a banki ana tsakura musu kuɗinsu. Ita kanta sefar, a nan Dakar aka zauna a Janairun 1994 aka raba darajarta biyu dare ɗaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san sauran.

Ina roƙon Allah kada Senegal ta kai can. Amma bankunan yankin ne ke sayen takardun bashin gwamnati, da ajiyar irinku suke saye. Shawarata ka bar rabi a kaya, ka riƙe na cefanen wata uku a hannu, sauran ka raba, wani ma ka turo a sai maka fili a gida. In ka amince zan sa ƙanina ya duba.

Ka gaida Hajiya, ka shafa mini kan yara. Ina sauraron amsarka kafin ka sayar da komai.

Naka har kullum,
amininka na Agege.