Wasiƙa zuwa ga 'yata kan auna ƙarfin asid

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa daga nan Gombe da fatan kina lafiya, mahaifiyarki ta shaida mini cewa kun fara aikin taitireshan, wato auna ƙarfin asid ta hanyar kashe shi da soda, a ɗakin gwaji na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, kuma hankalinki ya tashi domin adadin da kike samu yana saɓa wa na abokan karatunki. Na ga ya fi kyau in rubuta miki, domin magana ta waya ba ta zama a ka.

Tushen aikin ba baƙo ba ne a gare ki, tunda kin sha ganin yadda kanwa take kashe tsamin yakuwa a tukunya. Ana ɗebo ruwan sodiyam haidiroksaid, wato soda, wanda aka san ƙarfinsa, a auna 25 cm³ da fifet (siririn bututun gilashi na awo) a zuba a kwalbar gwaji, a ɗiga manuni (sinadarin da yake canza launi) ɗigo biyu ko uku, sannan a riƙa sakin asid daga buret (dogon bututun awo mai famfo a ƙasa) har launi ya juya. Idan manunin metil oranj ne, ruwan zai tashi daga rawaya ya koma ruwan lemo. In kin ga ja sosai, kin riga kin wuce wurin tsayawa. Idan kuwa asid mai rauni ne, irin na binega, manunin finoftalin ne ya dace da shi.

Lissafin ba shi da wuya. A ce sodar tana da ƙarfin 0.10 mol/dm³ (mol ma'aunin yawan sinadari ne), kuma 20 cm³ na asid ɗin HCl ne ya kashe 25 cm³ nata. Tunda suna haɗuwa ɗaya da ɗaya, sai ki ninka 0.10 da 25 ki raba da 20, ki sami 0.125 mol/dm³. Amma da asid ɗin H₂SO₄ ne, amsar rabin wannan ce, wato 0.0625, domin kowane mol ɗaya nasa yana cin mol biyu na soda. Saboda haka ki daidaita ikweshan kafin ki taɓa kalkuleta.

Inda nake so ki fi mai da hankali shi ne hannunki da idonki, domin a nan ne amsa take lalacewa. Ki ɗauraye buret da asid ɗin da za ki zuba, fifet kuma da sodar, amma kwalbar gwaji da tataccen ruwa kaɗai. Dalilin shi ne, ruwan da ya rage a buret zai tsinka asid ɗin, sai ya ɗauki mai yawa kafin launi ya juya, lissafi kuma ya nuna miki ƙarfin da bai kai na gaskiya ba. Ruwan da ke cikin kwalbar kuwa ba ya rage ko ƙara yawan sodar da kika riga kika auna. Ki fitar da kumfar iska daga bakin buret, ki cire mazurari kafin ki fara, ki karanta ƙasan lanƙwasar ruwan idonki yana daidai da ita. Kada ki hura ɗigon ƙarshe da ya maƙale a fifet, an ƙera shi da sanin zai rage, kuma ina roƙon ki kada ki taɓa zuƙo soda da baki. Da kin kusa ƙarshe, ki koma ɗigo ɗigo kina juya kwalbar a kan farar takarda.

Abin da ya fi damu na shi ne kada tsoron bambanta da jama'a ya sa ki goge adadinki ki rubuta na wani. Ɗalibai da yawa suna yin haka tun daga jarrabawar WAEC, su fito da takarda mai kyau da hannun da bai iya komai ba, alhali gobe su ne za a ba amanar auna magani ko ruwan sha. Ki yi gwajin farko don sanin kusan inda launi yake juyawa, sannan ki maimaita a natse har ki sami karatu biyu ko uku da tazararsu ba ta wuce 0.20 cm³ ba, ki ɗauki matsakaicinsu. In har sun dace da juna amma sun saɓa wa na sauran, ki kai wa malaminku littafinki yadda yake, ki tambaye shi ko sodarku ta daɗe a buɗe, domin tana shan iskar kabon dayoksaid ƙarfinta ya ragu.

Ki aiko mini da adadin da kika samu a gwaji na gaba mu duba tare. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.