Wasiƙa zuwa ga aminina a Kumasi, kan gardamarmu ta Google+

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya kasuwa? Mu nan Kano sai godiya, hunturu ya fara shigowa.

Jiya da dare ina rage hotuna a waya don ta cika, sai na ci karo da wani na 2012, ranar da muka yi hirar bidiyo ta Hangouts, wadda ke cikin Google+, mu shida. Fuskarka ta tsaya cak a allo, hularka a karkace, muna jin muryarka kawai. Nan take na tuna gardamar da muka sha yi a kan Google+, dandalin zumuntar da kamfanin Google ya buɗe.

Ka tuna hujjata? Na ce Google ya riga ya tara komai. Gmail ya san wanda kake yi wa wasiƙa, wayar Android na riƙe da lambobin mutanenka, ga YouTube, ga taswira, ga ma'ajiyar hotuna. Abin da ya rage kawai a ɗinke su wuri guda, dandalin zumunta ya tashi. Kai kuwa ka ce kayan miya daban, iya girki daban.

Kuma ba sau ɗaya suka gwada ba. Dandalinsu na Orkut ya fito a 2004, ya samu karɓuwa ƙwarai a Brazil da Indiya, aka rufe shi a 2014. A 2010 suka cusa wani dandalin mai suna Buzz cikin Gmail, ya ɗauki mutanen da ka fi yi wa wasiƙa ya mai da su abokanka a bainar jama'a ba tare da an tambaye ka ba. Wannan ya daɗe yana damuna. Wanda kake bin bashi, likitanka, matar da kuka rabu, duk kana rubuta musu, amma wa ya ce abokan hirarka ne? Maganar har ta kai gaban hukumar kula da cinikayya ta Amurka a 2011.

A Yunin shekarar ne Google+ ya zo da tsarin da'irori, inda za ka ware 'yan uwa gefe, abokan aiki gefe. Har yau ina ganin dabarar ta yi kyau. Kuskuren shi ne tilas. A 2013 aka ce ba mai yin sharhi a YouTube sai da asusun Google+, mutane suka buɗe don dole, suka bar shi kango. Da kamfanin ya sanar da rufe shi a 2018, bayan an gano wata kafa da ta bar bayanan masu amfani a buɗe, shi da kansa ya ce kashi 90 cikin 100 na leƙawar da ake yi ba ta kai daƙiƙa 5. A Afrilun 2019 aka rufe.

Mu kuma a lokacin mun daɗe da komawa WhatsApp, tunda can inna take turo saƙon murya, can ake sanar da suna da rasuwa. Ka fi ni gaskiya, na yarda. Amma har gobe ina jin da sun bar mutane sun shigo don kansu, da Hangouts kaɗai ya isa ya riƙe mu.

Zan turo maka hoton. In kana da sauran na wannan ranar, don Allah ka aiko mini. Ka gaishe da Hajiya da yara.

Naka,
amininka na Kano