Zuwa ga Bala, daga Thrissur

Assalamu alaikum Bala mutumina, ya gida ya su Hajiya, ya zafin Kano? Mu nan Kerala ta kudancin Indiya ruwa ne kawai ba dare ba rana, ko wanki ba ya bushewa.

Ka tuna musun da muka yi a majalisa, da kace wai zancen ɗan mahauci ko ɗan maroƙi ba a ba shi 'yar wane ya zama tarihi? To wallahi kai na tuna. Gidan da nake haya akwai wata tsohuwa, kullum na tashi sallar asuba sai in ganta a baranda da kwandon fure tana shirya shi a zare, hannun nan kamar inji ko kallonsa ba ta yi, ni duk zatona sayarwa take. Da na tambayi jikanta sai ya yi dariya yace a'a na wurin bautarsu na Hindu ne, su Variyar ne, aikin gidansu kenan tun kaka da kakanni, shirya fure da share haraba.

Ashe jinsi ne guda ana ce musu Ambalavasi, wato mazauna wurin bauta, kuma kowa da nasa. Marar su ne makaɗa, masu buga wata ganga chenda da in suka haɗu a bikin Thrissur Pooram har ƙirjinka sai ya ɗauka. Chakyar 'yan wasan kwaikwayon gargajiya ne da ake kira Kutiyattam, wanda UNESCO ta karrama a 2001, Nambiar kuma su buga musu mizhavu, wani ƙaton tulun tagulla da aka ɗaure wa fata a baki.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne matsayinsu, a al'adance suna ƙasa da Namboothiri, wato Brahmin (jinsin limamai) na Kerala, amma ana ɗora su sama da Nair, jinsin mayaƙa a da, to kaga mutum ya ƙare rayuwarsa a harabar nan shi ne shara shi ne fure amma can ƙuryar da gunkin yake sai limaminsu kaɗai, shi dai ya miƙa ya koma baya. Duk da haka ya fi wasu gata nesa ba kusa ba, don na ƙasa ko ƙofa ba sa takawa sai 1936 da sarkin Travancore, wata masarauta a kudancin Kerala, ya buɗe musu a ƙasarsa.

Kar kace an gama. A 2025 aka ɗauki wani ɗan Ezhava, ɗaya daga jinsunan da ake ɗauka na ƙasa, aikin shirya fure a wurin bautar Koodalmanikyam, nan Irinjalakuda kusa da mu, manyan limaman suka ce ba su yarda ba, rigima har jaridu. Kan zare da fure fa Bala! Na ɗan taɓo wa jikan tsohuwar zancen, sai yace shi dai kwamfuta yake karanta, Dubai ya nufa.

Ka gaida Hajiya da amarya, kuma dan Allah in ka samu mai zuwa a saƙo min kilishi da yaji, kwakwa ta ishe ni.

Naka,
Auwalu