Maigidana Zai Ajiye Aiki Ya Tafi Bishara, Ni Kuwa Na Ce A Dakata

Zuwa ga Baba Rabaran, mai amsa wasiƙun masu sauraro,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, kai da Mama da dukan ma'aikatan gidan rediyo. Ina roƙo kada a ambaci sunana, domin 'yan Zumuntar Mata na majami'armu ba sa bari shirin nan ya wuce su.

Ni matar aure ce a Kafanchan, 'ya'yanmu huɗu, mu 'yan ikilisiyar ECWA ne tun iyaye. Maigidana malamin firamare ne, saura 'yan shekaru ya yi ritaya. Ni kuma ina da injin markaɗe a ƙofar gida, da kaka nakan ɗan sayi citta in ajiye. Mahaifiyarsa tana wurinmu, tana fama da hawan jini.

A makon addu'a na mishan da ya wuce, wani mai bishara da ke aiki cikin Kambari, can wajen Kontagora, ya yi mana wa'azi. Ya ba da labarin ƙauyukan da ke roƙo a aiko musu da mai koya musu karatu da Maganar Allah, ba a samu ba. Da ya yi kira, sai ga maigidana ya fita gaba ya durƙusa. Ni na ɗauka alkawarin baiko zai yi, wato ba da kuɗi domin aikin Allah. Sai da muka koma gida ya ce mini Ubangiji ne ya kira shi, kuma tun yana saurayi yake jin kiran yana dannewa. Yanzu ya rubuta takardar ajiye aiki, ya ninke ta ya sa cikin Littafi Mai Tsarki nasa daidai Zabura 119, inda ya ja layi da jan biro a aya ta 60, wurin da mai zabura yake cewa ya yi hanzari, bai yi jinkiri ba wajen kiyaye umarnin Allah. Bai kai ta ofis ba tukuna. Ya ce yardata yake jira, amma jiran yana da iyaka.

Baba, ban ce kada ya tafi ba. Cewa na yi a bari babbar 'yarmu ta rubuta WAEC, shi kuma ya ƙarasa shekarunsa ya sami fansho, sa'an nan mu tafi tare da ɗan abin dogaro. Nan ne muka rabu. Ya ce biyayyar da aka sa wa rana ciniki ce da Allah. Ya kawo mini Ibrahim da ya tashi da sassafe ya ɗaura wa jaki sirdi ya nufi Moriya da Ishaku, da Bitrus da Andarawas da suka bar taruna nan take, da mutumin nan a Luka 9 da ya nemi izini ya fara binne mahaifinsa, Yesu bai ba shi ba. Ya kan kuma tuna mini da samarin nan uku, Turawa masu bishara, Gowans da Kent da Bingham, da suka sauka Legas a 1893. A shekarar da ta biyo baya biyu suka rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida, ga shi kuwa daga aikin nan ikilisiyarmu ta fito. Na ce masa gaskiya ne, amma a lokacin babu mai mata ko 'ya'ya a cikinsu. Na kuma ce nassi bai gaya mana abin da Saratu ta ji a safiyar nan ba. Bai ji daɗin wannan magana ba sam.

Ni ma ina karanta Littafin. Yesu ɗin nan ne ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunta bangaskiya. Bulus kansa, ko da yake ya fara wa'azi nan da nan a Dimashƙu, an yi shekaru kafin ikilisiyar Antakiya ta yi azumi ta ɗora musu hannu shi da Barnaba ta sallame su. Nehemiya ya ji labarin garun Urushalima ya yi kuka, amma ya yi wata huɗu yana addu'a kafin ya buɗe baki gaban sarki. To su waɗannan rashin biyayya suka yi?

Mun je wurin fastonmu, ya ce mu ci gaba da addu'a. Dattawa sun kasu biyu: wasu sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, wasu sun ce ya yi tunanin tsohuwa. Tsohuwar kuwa, da na zaci za ta goyi bayana, cewa ta yi tun yana goye ta miƙa shi ga Allah, ba ita za ta karɓe shi yanzu ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan. Da ya zo da faɗa, da na san yadda zan yi da shi. Amma mutumin nan ya canja. Da asuba nakan ji shi a falo a durƙushe, ba ya ɗaga murya, sunana yake kira yana roƙon Allah ya ba ni salama. Ban taɓa ganin tsoron Allah a jikinsa kamar yanzu ba. In na dubi kaina kuma, nakan rasa gane ko hikima ce take magana a bakina, ko kuwa tsoron talauci ne da tsoron 'yan bindigar da kowa ya san suna addabar yankin da yake so mu tafi. Na ji wa'azi sau da yawa a kan Sarki Saul, da aka ce masa biyayya ta fi hadaya. Ba na so ranar shari'a a ce ni ce na tare wa bawan Allah hanya. Ba na kuma so in kai yara inda babu sakandare, in daga baya ta bayyana zafin wa'azin rana ɗaya ne ya ɗebe shi.

Don haka nake tambaya, Baba. Ta yaya mai bi zai bambanta jiran da yake na hikima da jinkirin da yake zunubi? In Allah ya kira miji, dole ne ya tabbatar wa matar ita ma, ko kuwa biyayyar da Afisawa 5 ta ɗora mini ta isa in tattara kaya in bi shi ko zuciyata ba ta kwanta ba? Akwai kuma wata shawara da wani dattijo ya kawo, cewa ya riƙa zuwa can lokacin dogon hutu yana taimakon mai bisharar, kafin a ga yadda Ubangiji zai bi da mu. Maigidana ya ce wannan rabin biyayya ce. Kai yaya ka gani?

Yana so ya miƙa takardar kafin a koma makaranta sabon zango, saboda haka ina roƙo, in da hali, a amsa mini cikin makonnin nan. Za mu saurara tare, domin na gaya masa na rubuto, bai kuwa hana ni ba.

Allah ya ƙara maka hikima da lafiya.

'Yarka cikin Ubangiji,
Wata mai sauraro daga Kafanchan