Aikin Faston Metodis a Legas da Kukan Masu Jin Hausa

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi bayani kan aikin faston cocin Metodis, musamman yadda ya shafi Kiristocin Arewa mazauna Legas. Mutane da yawa, har cikin masu zuwa sujada, sun ɗauka aikin fasto bai wuce hawa mumbari ranar Lahadi ba. Wannan fahimta tana cutar faston, tana kuma cutar ɗan Arewan da ya zo ci-rani ya ɓace cikin taro ba wanda ya san da zamansa.

Cocin Metodis ba baƙo ba ne a jihar nan. A Badagry ya fara sa ƙafa a Najeriya, ranar 24 ga Satumba 1842, lokacin da mai wa'azin mishan Thomas Birch Freeman ya sauka daga ƙasar da yanzu ake kira Gana. Ya buɗe sakandaren maza a Legas a 1878, ta mata a 1879. A 1962 ya samu cin gashin kansa daga uwar cocin da ke Birtaniya, hedkwatarsa kuma tana Marina a Legas. A 2022 aka zaɓi Oliver Ali Aba, ɗan jihar Binuwai, ya zama shugaban cocin na ƙasa.

A wannan coci mutum ba ya wayar gari ya ce an kira shi, ya kama shago ya kafa allo. Sai ikilisiyarsa ta shaide shi, a tantance shi a matakin da'ira (haɗakar majami'u) da na dayosis (yankin bishop), ya yi karatun tauhidi a makaranta irin kwalejin Immanuel da ke Ibadan ko makarantun Sagamu, Umuahia da Zonkwa ta kudancin Kaduna, ya yi shekarun gwaji a ƙarƙashin wani babba, sannan a ɗibiya masa hannu a keɓe shi. Bayan haka ma ba shi ke zaɓen inda zai zauna ba. Coci ke tura shi, coci ke ɗauke shi. Tun zamanin John Wesley, wanda ya assasa Metodis, haka abin yake, har takardar ƙa'idar da ya kafa a 1784 ta hana a bar mai wa'azi a wuri ɗaya fiye da shekara uku a jere. Yau zaman ya kan fi haka, amma fasto da iyalinsa kullum a shirye suke su ɗaure kaya, yara su canja makaranta, matarsa ta bar ɗan kasuwancin da ta fara kafawa.

Kuma ba majami'a ɗaya ake ba shi ba. Ana haɗa majami'u da dama su zama da'ira ɗaya, a fitar da jadawalin wa'azi duk wata uku. Bari mu yi lissafi. A ce da'ira tana da majami'u 8 da fastoci 3. Wata uku Lahadi 13 ke nan, wato sujada 104 ko da sau ɗaya kawai ake yi a kowace majami'a. In kowane fasto ya tsaya wuri ɗaya duk Lahadi, 39 suka ɗauka. Sauran 65 suna wuyan masu wa'azi na sa-kai, malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikata waɗanda aka koyar, suka ci jarrabawa, ba a biyansu ko sisi. Jibin Ubangiji kuwa sai wanda aka keɓe ne zai ba da shi, don haka dole faston ya riƙa zagayawa, ga cunkoson motocin Legas da kan cinye rabin yini tsakanin Agege da Ojo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma tsarin Metodis tun asali a kan sanin haka aka gina shi.

Ƙashin bayan tsarin shi ne aji. A Bristol ta Ingila aka fara shi a 1742, aka raba membobi kashi-kashi, kimanin mutum 12 ƙarƙashin shugaba ɗaya da zai bi su yana karɓar kwabo ɗaya duk mako don biyan bashin gini. Ba a jima ba aka lura cewa mai karɓar kuɗin shi ne ya fi kowa sanin wanda ke kwance ba lafiya, wanda ya koma shan giya, wanda gidansa ba zaman lafiya. Daga nan aji ya zama idon fasto da kunnensa. Fasto mai mutum ɗari biyar ba zai san kowa ba, amma shugabannin aji arba'in sun san kowa, kuma a taron shugabanni suke kawo masa rahoto.

To, a nan ne abin yake kwancewa ga mutanenmu. Ɗan Zangon Kataf ko Tafawa Ɓalewa ko Billiri ya iso Legas, ya samu aikin gadi a Ikeja ko dako a Mile 12, ko an kawo shi barikin soja na Ojo ko na 'yan sanda a Obalende. Ya shiga majami'a ya tarar da Yarbanci ko Turanci ake yi. Ya zauna a benci na baya, ya sa baikonsa, ya fita. Ba wanda ya rubuta sunansa. Ko an sa shi a aji, da yamma ake taruwa, daidai lokacin da maigadi ke kama aiki. Shugaban ajin ba ya jin Hausa, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗi damuwarsa da guntun Turanci a gaban mutane ba. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, ta kuma ƙara wasu daga baya, da yawa sun watsu zuwa bayan gari, ba su bar adireshi ba.

Laifin ba na coci kaɗai ba ne, gaskiya. Ƙa'ida ce mai barin gida ya karɓi takardar shaida daga fastonsa na can, wadda za ta nuna an yi masa baftisma, cikakken memba ne, ba ya ƙarƙashin horo. Kaɗan ne ke tahowa da ita. Akwai kuma ruɗanin da ya kamata a sani: 'yan Taraba da yawa, mutanen Bambur da Zing da Jalingo, 'yan cocin United Methodist ne, wanda shugabancinsa dabam yake da na Metodis ta Najeriya. Za a karɓe su hannu bibbiyu, amma sunansu ba ya cikin littafin membobin cocin nan sai sun kawo takarda an rubuta.

Ranar da rashin takardar ke ciwo ita ce ranar aure da ranar mutuwa. Saurayi ya zo saura kwana goma biki, an riga an buga kati, ya ce fasto ya ɗaura. Fasto ba shi da iko. Dokar aure ta ƙasa ta ce a kai sanarwa ofishin rajista ta yi kwana 21, a karɓo takardar mai rajista, a ɗaura cikin wata uku daga ranar sanarwa, a majami'ar da ke da lasisi, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, da shaidu aƙalla biyu. Ga sanarwa a gaban ikilisiya, ga darussan shawara kafin aure. In ya ƙi, a ce ya ƙi ɗan Arewa, alhali in ya yarda shi doka za ta kama. Mutuwa ta fi wannan zafi. Dangi suna so a kai gawa gida, ana neman takardar likita, takardar gyaran gawa da izinin ɗauka, kuɗin ɗakin ajiya yana hawa kowace rana, motar zuwa Jos ko Jalingo ba ƙaramin kuɗi ba. A lokacin ne ake buga ƙofar gidan fasto da tsakar dare saboda mamacin da bai taɓa jin sunansa ba. Shi kuwa asusun coci ba a hannunsa yake ba, yana hannun ma'aji da wakilan ikilisiya, ba ya fitar da naira ɗaya sai taro ya amince. Sau da yawa daga ɗan albashinsa yake cirewa, matarsa ta dafa wa masu makoki.

Don haka ina kira ga iyayenmu bishop-bishop na Legas da shugabannin da'irori. A kafa ajin Hausa a duk majami'ar da ke da masu jin Hausa goma zuwa sama, a sa taronsa da hantsi ko bayan sujadar Lahadi saboda masu aikin dare. A zaƙulo masu karatu cikinmu a koya musu wa'azin sa-kai, a sa sunayensu cikin jadawali. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, littafin waƙoƙi ma akwai, zumuntar mata kuma da gangunansu da tulunansu a shirye suke. Lokacin rabon wuraren aiki a tuna da fastocin da suka fito daga makarantar Zonkwa, a turo ko mutum ɗaya kowace dayosis, a ba shi gida kusa da Agege ko Idi-Araba inda mutanen suke. Kowane aji kuma ya buɗe asusun jana'iza da rasit da sa hannun mutum biyu.

'Yan'uwana masu shirin tahowa, kafin ku hau mota ku biya gidan fasto ku karɓi takardarku, Lahadin farko a Legas ku miƙa ta, ku tambayi wane ne shugaban ajinku.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani mai wa'azin sa-kai,
Agege, Legas.