Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Daga Sakataren Ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Shugaba, dattawan ƙungiya, iyayenmu mata da sauran 'yan uwa baki ɗaya.

Tun farkon wata ya kamata rahoton nan ya iso gare ku. Ya makara ne saboda na tsaya jiran waɗanda suka ce za su biya bashin kuɗin wata kafin a rufe littafi. Na jira har na gaji, ba su biya ba. Lissafin kuɗi yana hannun Ma'aji, shi zai karanto shi a babban taro, ni nawa bayanin aiki ne kawai.

An yi taron wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi da aka ɗage. An je ta'aziyya, an je barka, walimar ƙaramar Sallah da ta babba duk sun wuce lafiya.

Babban taron bara ya ɗora wa kwamiti ayyuka biyu: mu nemo wa makarantar yaranmu ta ƙarshen mako tallafi daga kuɗin da gwamnatin tarayyar Amurka ke turo wa birninmu Greensboro da ke jihar Arewacin Karolina, sannan mu shirya taron wayar da kai a kan gidaje. Na biyun ya yiwu, na farkon bai yiwu ba. Na san abin da ake faɗa a WhatsApp. Wasu sun ce kwamiti barci ya yi har lokaci ya wuce, wani ma ya ce an karɓo kuɗin an raba. Ko sisi ba a karɓo ba, domin ko takardar nema ba mu shigar ba, kuma da gangan muka ƙi shigarwa. Ku yi haƙuri da tsawon bayanin, na gaji da maimaita shi ga mutum ɗai-ɗai a bakin masallaci.

Kuɗin da ake magana a kai daga Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ta Amurka suke fitowa, wato HUD. Mafi girma a cikinsu shi ne tallafin raya unguwanni da ake kira CDBG, wanda aka kafa da dokar 1974 zamanin Shugaba Gerald Ford. A 2024 majalisar dokokin Amurka ta ware masa kimanin dala biliyan 3.3 na ƙasa baki ɗaya. Akwai kuma shirin HOME na dokar 1990, shi nasa gidaje masu sauƙin kuɗi ne zalla, sai wani ƙarami na marasa matsuguni. Birni irin namu ba ya zuwa roƙo, kasonsa yake samu kai tsaye bisa lissafi: yawan jama'a, yawan talakawa, cunkoso a gidaje, da yawan tsofaffin gidajen da aka gina kafin 1940. Babu maganar uwa a gindin murhu a wannan matakin, alƙaluman ƙidaya ne ke magana.

Idan kuɗin CDBG suka iso hannun birni, doka ta riga ta yanka musu iyaka. Aƙalla kashi 70 cikin ɗari dole su amfani masu ƙaramin ƙarfi, ma'ana gidan da abin da ke shigo masa bai wuce kashi 80 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin shigar yankin ba. Abin da ofis zai kashe wajen tsarawa da gudanarwa ba zai haura kashi 20 ba. Hidimar jama'a kuwa, irin su karatun yara, kula da tsofaffi, ciyarwa da koyar da sana'a, an ƙayyade mata kashi 15 kacal. Sauran yana tafiya ne ga gyaran gidaje, tituna, magudanan ruwa, wuraren wasan yara da makamantansu. To makarantarmu a cikin wannan ɗan kashi 15 ɗin take, inda za ta yi gogayya da ƙungiyoyin da suka shekara ashirin suna aikin, masu akanta da ma'aikata na albashi. Kuma ga wanda ya tambaye ni sau uku ko za a iya sayen filin masallaci da kuɗin: ba za a iya ba. Kuɗin ba sa shiga harkar ibada, ko a makarantar ma darasin lissafi da Turanci za su iya ɗauka, ban da na Ƙur'ani.

Duk da haka da mun gwada sa'armu, in da gidanmu a kimtse yake. Abu na farko da ake tambayar ƙungiya shi ne takardar hukumar haraji ta IRS mai nuna cewa ba ta neman riba ba ce. Tamu rajistar ta jiha ce kawai. Fom ɗin na IRS yana cikin jakata tun watan Fabrairu, a cike, kuɗin shigarwa da na mai duba mana shi yake jira. Na biyu, lambar shaida ta gwamnatin tarayya da ake samu a shafin SAM.gov, wadda ta maye gurbin tsohuwar lambar DUNS a 2022. Ita kyauta ce, amma sai suna da adireshin ƙungiya sun dace da abin da ke cikin takardu, mu kuwa adireshinmu har yau na gidan tsohon sakatare ne, wanda ya koma Ohio.

Na ukun shi ne ya fi kashe mini jiki. Irin wannan tallafin galibi ba a hannu ake ba ka ka je ka kashe ba. Kai za ka fara kashe naka, ka biya hayar ɗaki da malamai, ka kai rasit, a duba, sannan a mayar maka. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin wata uku a ajiye ba za ta iya ba. Asusunmu kuwa kun san halin da yake ciki: waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke bana ba su kai rabin sunayen da ke littafi ba. Ban da wannan, kowane yaron da ya amfana sai an rubuta yawan mutanen gidansu da abin da iyayensa ke samu. Mun gwada rarraba takardar a watan Maris don mu ga yadda za ta kaya. Waɗanda suka dawo da ita a cike, da yatsun hannu ɗaya za ka ƙirga su. Wani bawan Allah ya ce mini shi ko matarsa ba ta san abin da yake samu ba, balle sakatare. Kwamiti ya zauna ya ga cewa karɓar kuɗin gwamnati a kasa kawo bayaninsu ya fi rashin karɓa muni, domin ana iya cewa a mayar da su. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ita kanta makarantar ta tsaya tun bayan babbar Sallah. Ba malamai ne suka gudu ba, suna nan, kyauta ma suke yi. Hayar ɗakin ce ta gagara.

Yanzu ga abin da ya faranta mana rai. Taron wayar da kai da aka yi ranar Asabar bayan ƙaramar Sallah, tun da na shiga ƙungiyar nan ban ga irinsa ba. Kujerun da muka ɗauko sun ƙare kafin la'asar, samari suka koma tsaye a jikin bango. Iyayenmu mata tun asuba suke kan murhu, ga dambu, ga masa da miyar taushe, ga kunun gyaɗa, kuma ko kwabo ba su nema daga asusu ba, daga adashinsu suka yi. Allah Ya saka musu da alheri. 'Yan matanmu biyu da ke jami'a su suka yi tafinta, ɗaya da Hausa, ɗaya da Zabarmanci, kusan awa uku ba su zauna ba.

Baƙinmu biyu ne: wata mai ba da shawara kan sayen gida daga ofishin da HUD ta amince da shi, da wani lauya mai taimaka wa 'yan haya kyauta. Matar ta yi bayanin yadda kuɗin HOME ke taimaka wa mai sayen gida da kuɗin kafin alƙalami. Sai mutum ya shiga ajin horo tukuna, sai kuɗin shigar gidansa duka, ba nasa shi kaɗai ba, ya faɗo ƙarƙashin wancan kashi 80 ɗin, kuma sai ya zauna a gidan shekara 5, 10 ko 15 gwargwadon abin da aka ba shi. Ba gidan da za ka saya ka zuba 'yan haya ka koma Maraɗi ba ne. Da ta zo kan takardar haraji sai ɗakin ya yi tsit. Ta ce banki abin da ka rubuta wa hukumar haraji yake dubawa, ba abin da ka faɗa da baki ba. Masu tuƙin Uber da ke baya suka fara kallon juna, har wani ya ce da Hausa, ashe ramin da muka haƙa mu ne a ciki. Tafinta ba ta fassara wannan ba.

Wani dattijonmu ya ɗaga hannu ya tambayi hukuncin kuɗin ruwan da ke cikin bashin gida. Baƙuwa ta ce wannan ba fagenta ba ne. Liman ya ce magana ce mai tsawo wadda malamai suka yi saɓani a kanta, zai ware mata zama na musamman. Malam, muna tuni, har yanzu ana jira.

Abin da ba zan manta ba shi ne wata Hajiya da ta taso daga layin mata da wayarta a hannu, ta miƙa wa lauya. Hoton silin ɗakin jikokinta ne, ya yi baƙi ƙirin da danshi, an tara bokiti biyu a ƙasa kusa da katifa. Ta ce wata huɗu tana faɗa wa mai gidan, yanzu ta yanke shawarar ba za ta ƙara biyan haya ba sai ya gyara. Lauya ya ce kada ta kuskura. A dokar Arewacin Karolina ɗan haya ba ya riƙe kuɗin haya da kansa sai kotu ta ba shi izini, in ya riƙe shi za a kora. Ya ce ta rubuta ƙorafin a takarda ta ajiye kwafi, ta kira masu duba gidaje na birni, ta ci gaba da biya. A nan take 'yarmu ta zauna ta rubuta mata wasiƙar. An gyara silin kafin wata ya zagayo. Ya kuma ja kunnen masu ƙananan yara a gidajen da aka gina kafin 1978 game da fenti mai dalma, ya ce a kai yara gwajin jini. Waɗanda suka daɗe a garin nan sun tuna gobarar watan Mayun 2018 da ta ci yara biyar 'yan gida ɗaya, 'yan gudun hijira daga Kwango, a gidan haya. Ba wanda ya tashi kafin a gama.

A ƙarshen taron muka tattara koke-koken mutane, na kwana biyu ina mayar da su Turanci, muka aika wa birni da sunan ƙungiya. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda wasu ke zato. Birni ba ya kashe kuɗin nan sai ya rubuta babban tsari na shekaru, sannan kowace shekara ya fitar da ƙaramin tsari mai nuna aiki kaza kuɗi kaza. Shekarar kuɗinsa daga 1 ga Yuli take farawa. Kafin ya aika wa HUD dole ya baje daftarin kwana 30 jama'a su yi magana, dole ya yi zaman jin ra'ayi aƙalla sau biyu a shekara, kuma dole ya haɗa taƙaitaccen abin da aka faɗa a cikin takardar, har da wanda bai karɓa ba da dalilin ƙin karɓa. Mu dai mun roƙi abu uku: a ƙara kuɗin gyaran gidajen haya, a riƙa fitar da sanarwa da harsunan baƙi, a kuma dubi iyalai masu yara da yawa da ba sa samun gida mai ɗaki uku.

Sai dai zaman jin ra'ayin da muka je, mu huɗu ne. Na tura saƙo sau biyar, an karanta, alamar ta yi shuɗi, aka yi shiru. Ƙa'idar HUD ta ce birni ya tanadi hanyar biya wa marasa jin Turanci buƙata idan ana sa ran da yawansu za su halarta. Da wane ido zan nemi tafintan Hausa saboda mutum huɗu da duk suna jin Turanci? Wasu unguwannin sun zo da mutanensu, kowa da takardarsa ya tashi ya yi magana. Mutanen da suka cika ɗaki ranar da akwai dambu, ranar nan duk suna wurin aiki. Ni ma aikin nake yi, na dare ma, musanya na yi da abokin aikina. Rahoton ƙarshen shekara da birni ke fitarwa wajen watan Satumba, mai nuna inda kuɗin suka tafi, shi ma ana ba da kwana 15 a duba. Na sa shi a WhatsApp, ban ji wanda ya buɗe ba sai Ma'aji.

Akwai waɗanda ba ma ganinsu sai rasuwa ta faru ko an tashi kai gawa gida, ranar ne suke tuna lambata. Ba za mu ƙi su ba, zumunci ya wuce haka. Amma kuɗin da ake fitarwa ranar na mutane ƙalilan ne, kuma su ɗin ne dai kullum. Ga manhajojin tura kuɗi na Zelle da Cash App, ga Ma'aji a masallaci kowace Juma'a, ban san wace hanya ta rage ba.

Abin da kwamiti zai kawo gaban babban taro shi ne a amince a fitar da kuɗin takardar IRS daga abin da ya rage, a canja adireshin ƙungiya, a kuma zaɓi mutum uku, har da mace, waɗanda aikinsu kawai bin sanarwar birni da halartar zama. Maganar neman tallafi a ajiye ta sai asusu ya iya riƙe makaranta wata uku da kansa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wa'adina yana ƙarewa a wannan taron, kuma na riga na shaida wa Shugaba ba zan sake tsayawa ba. Jakar takardu da kalmomin sirri na asusun intanet suna nan a shirye ga wanda aka zaɓa, zan zauna da shi mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ma'aji zai zauna a bakin ƙofa da littafi tun kafin a buɗe taro da addu'a, kowa ya zo da abin da ake bin sa.

Wassalamu alaikum.
Sakataren Ƙungiya